Da Za a Mayar da Kai Baya, a Wane Zango Za Ka Sauka?

A ce yau an ba ka dama ka koma kowane zamani ka yi rayuwarka a can, ina za ka nufa? Mutumin Sabo dai ba ya dogon tunani, sai ka ji ya ce: "Zamanin fatake mana, lokacin da ake ayarin Gwanja." To, mu ɗan bi wannan ayari mu gani.

A ƙarni na 19, fatake kan tashi daga Kano da jakai ɗauke da kanwa da baƙaƙen tufafin rini da jan fata, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, su bi ta Yandi har Salaga, kasuwar goro. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin yada zango. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari a wannan hanya suka yi suna. Zuwa da dawowa kan ci watanni da yawa, wani lokaci shekara sukutum. Kowane sarki aka bi ta ƙasarsa sai an biya kuɗin hanya, ga 'yan fashi, ga goro mai son a riƙa kwance huhu ana tsince wanda sankara ta taɓa.

Abin da masu wannan buri ke mantawa shi ne, kowa madugu yake hango kansa. Ayari kuwa madugunsa ɗaya ne, saura masu korar jaki ne da 'yan dako, kuma a Salagar nan har mutum ake sa wa farashi. Wa ya ba ka tabbacin a sahun da za ka faɗo? Ita kanta Salaga ba ta ɗore ba. Turawan Ingila sun ci Asante a 1874, yaƙin cikin gida na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta.

Ni da za a bar mini zaɓi, ba zan yi nisa ba. A nan Badun zan sauka, 'yan shekaru bayan 1916, lokacin da aka yanka wa Hausawa wannan fili na Sabo suka taso daga cikin gari. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Manoman Yarabawa a Agege da Shagamu suka shiga shuka irin goron da Arewa ke so. Goro ya hau, shanu suka gangaro, Sabo tana tsakiya.

Kada a ce zamanin hutu ne. Yunwar 1914 ta girgiza ƙasar Kano, annobar mura ta 1918 ta ɗebi jama'a kudu da arewa, ga sauron kurmi, ga Bature da dokokinsa. Abin da ya ja ni can shi ne yadda baƙo ke zama mutum.

Ka sauka daga jirgi ba ka san kowa ba, ba ka jin Yarabanci. Sai a kai ka wurin maigida. Shi zai ba ka ɗaki da tuwo, ya ajiye maka kuɗinka, ya haɗa ka da dillali. Idan shanu ka kawo, ba ka da halin jira, don ƙudan tsando ba ya barin saniyar Arewa ta daɗe a kurmi. Dole ka sayar, kuma mahauci Bayarabe bashi zai ɗauka, sai ya yanka ya sayar sannan ya biya. Kai ba ka san shi ba, amma maigida ya san shi, ya san rumfarsa, ya san wanda ya taɓa cin kuɗin mutane. Shi ke tsaya masa. Idan mahauci ya gaza, maigida ne zai nemo maka haƙƙinka, don ranar da aka ce kuɗin baƙo ya nutse a gidansa, an gama sauka a wurinsa ke nan. Dukiya mai yawa tana yawo tsakanin Kano da Badun, jingina ɗaya ce: sunan mutum.

A gidan irin wannan maigida zan so in zama yaro, in fara da ɗaurin huhu, in koyi ƙirgar goro ƙwarya-ƙwarya, ɗari-ɗari, in koyi harshen masu gari da gaisuwarsu, da dare in ɗauki karatu wurin malamin unguwa.

Ka lura, amanar nan ƙafa biyu gare ta, ɗaya a Sabo, ɗaya a cikin gari. Idan ɗaya ta karye, mun ga abin da ke biyo baya a Shagamu a 1999, mun sake gani a kasuwar Shasha a 2021.

Jirgin da zai kai mu 1916 dai babu shi. Amma har gobe yara na sauka daga tirela da asuba, da jakar leda a hannu, ba su san kowa ba. Iyayenmu sun samu wanda ya ce musu "shigo, ga ɗaki." Waɗannan fa, a gidan wa za su sauka?