Tagwayen taurari

tagwayen taurari (sn., jam.) 1. Taurari biyu da ƙarfin janyowa ya ɗaure su, suna kewaya juna. Shi'ira, tauraron da ya fi kowanne haske da dare, yana cikinsu: shi da ƙaramin abokinsa, wanda aka fara gani a 1862, suna gama zagaye ɗaya a kimanin shekara 50. Misali: A Gamawa da Azare ana ganin Shi'ira sarai a daren hunturu, amma sai da madubin hangen nesa ake rarrabe abokinsa.

2. A ilimin taurari, awon tagwayen taurari: gano nauyinsu da nisansu. Waɗanda suka dusashe ƙwarai ana auna su ta lanƙwasar haske. Idan suka gitta ta gaban wani tauraro mai nisa, nauyinsu yakan lanƙwasa haskensa ya tattaro shi, sai a ga ya ƙaru na wasu kwanaki ko makonni. Tauraro guda yakan sa hasken ya hau ya sauka sannu a hankali; tagwaye kuwa sukan sa ya yi tsalle kwatsam. Daga wannan tsalle ake lissafa rabon nauyinsu da tazarar da ke tsakaninsu. Kafin kumbon Spitzer, madubin hangen nesa na sararin samaniya, ya daina aiki a 2020, an riƙa kallon abin daga duniya da kuma kumbon lokaci guda, bambancin ganin kuma ya taimaka wajen fitar da ainihin nauyin da nisan. Einstein ya bayyana tushen lamarin a 1936, Bohdan Paczyński ya ba da shawarar amfani da shi a 1986, shirin OGLE na Poland kuma ya fara sa ido daga Chile a 1992.