Tamowa da Alƙalami: Tarihin Wasu Takardun Bincike daga Maraɗi da Damagaram

Kowace yunwa da ta ratsa ƙasar Hausa takan bar suna a bakin mutane. Ta 1913 zuwa 1914 ana kiranta Kakalaba, ta 1984 kuwa El-Buhari, har yau ma akwai dattawa a Kance da Matameye waɗanda da ita suke lissafin shekarun ƴaƴansu. Wahalar 2005 ta bar wani gado dabam, wanda ba a cika ambatarsa a zaure ba: tarin takardun bincike da aka buga cikin manyan mujallun likitanci na duniya. Duk wanda ya bi jerin rubuce-rubucen Sheila Isanaka, malama a makarantar kiwon lafiyar jama'a ta Jami'ar Harvard, mai aiki da cibiyar Epicentre, zai tarar da sunan Nijar yana ta dawowa, musamman Maraɗi da Madarunfa. Jerin nata ne, amma abin da ke ciki tarihin yaran talakawan Hausa ne.

Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta yi ɓarna a wasu sassa, kuɗin gero ya yi ta hauhawa har ya ninka kafin kaka ta zagayo. Inda aka fi ganin yara masu tamowa shi ne kudancin Maraɗi da Damagaram, wato rumbun ƙasar, abin da ya nuna cewa tsada da bashi sun fi ƙarancin hatsi yin illa. Shugaba Tanja Mamadu ya musanta cewa akwai yunwa. A cikin shekarar nan ƙungiyar likitoci ta Na Gari Na Kowa, wato MSF, ta yi wa yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani magani, adadin da ba ta taɓa kaiwa a wuri guda ba. Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne wani ƙullin abinci na gyaɗa da madara da sukari da mai, mai suna Plumpy'Nut, wanda likita André Briend da kamfanin Nutriset na Faransa suka ƙirƙira a 1996. Ba a dafa shi, ba a dama shi da ruwa, saboda haka uwa tana iya ba ɗanta a gida ta riƙa kawo shi awo mako-mako, asibiti ya zama na waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu kaɗai. A watan Janairun 2006 Milton Tectonidis ya ba da rahoton wannan aiki cikin New England Journal of Medicine, a 2007 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da wasu hukumomi suka amince da jinyar tamowa a gida a matsayin hanyar da za a bi.

Sai dai aikin gaggawa ba ya tabbatar da komai da kansa. Likitan da ya ga yaro ya warke ba ya iya rantsuwa cewa maganinsa ne ya warkar da shi, don kuwa wataƙila sabon gero ne ya shigo. Nan ne aikin Epicentre, reshen bincike na MSF, ya taso: a ƙirga, a kwatanta, a rubuta.

Takardar farko mai nauyi ta Isanaka da abokan aikinta, cikinsu har da Rebecca Grais da Farfesa Ali Djibo na Yamai, ta fito a mujallar JAMA cikin Janairun 2009. Tambayarta mai sauƙi ce: in an ba yaro lafiyayye wannan abinci tun kafin ya rame, a lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, shin za a tsare shi? Aka ɗauki ƙauyuka 12 a jihar Maraɗi, da yara 3,533 daga wata 6 zuwa shekara 5, aka yi ƙuri'a tsakanin ƙauyukan. A shida daga ciki kowane yaro ya riƙa samun ƙulli ɗaya kullum har wata uku, daga Agusta zuwa Oktoban 2006. Rama ta ragu da kashi 36 cikin 100, rama mai tsanani kuma da kashi 58. Game da mace-mace kuwa, ba a ga bambancin da za a dogara da shi ba, kuma marubutan sun faɗi haka a fili.

Kafin takardar ta fito, gwamnati ta riga ta dakatar da reshen Faransa na MSF a Maraɗi, cikin Yulin 2008. Ƙidayar yara masu tamowa a wancan zamani magana ce ta siyasa, don kowane adadi yana iya zama tuhuma ga mai mulki. Bayan haka ne ƙungiyar ƴan ƙasa mai suna FORSANI ta shiga aikin a Madarunfa.

Takarda ta biyu ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ita ce wadda ba ta ba da amsar da ake zato ba. An daɗe ana ba duk yaron da tamowarsa ta yi tsanani maganin kashe ƙwayoyin cuta, amoxicillin, ko da ba a ga alamar wani ciwo a jikinsa ba, kuma wani bincike da aka yi a Malawi, aka buga a 2013, ya goyi bayan haka. Daga Oktoban 2012 zuwa Nuwamban 2013, a ɗakunan shan magani huɗu na Madarunfa, an raba yara 2,412 kashi biyu: wasu suka sha maganin kwana bakwai, wasu suka sha abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki, ba uwa ba ma'aikaci da ya san wanne ne wanne. Waɗanda suka murmure cikin masu shan maganin kashi 65.9 ne, cikin sauran kuwa kashi 62.7, tazarar da masu lissafi suka ce ba ta isa hujja ba. Amma an ga maganin ya ɗan rage yawan waɗanda sai da aka kwantar da su. New England Journal of Medicine ta buga wannan a 2016. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta janye shawararta ba, mahawara kuma ta ci gaba tsakanin masu tsoron ƙwayoyin cuta su saba da magani da masu tsoron a rasa yaro. Darajar takardar tana cikin wannan: an kashe kuɗi da shekaru, aka samu sakamakon da ba ya sa a yi guɗa, aka kuma buga shi yadda yake.

Mai karatu da ya san Kano zai gane dalilin da ya sa wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan cikin binciken da ya shafi yara wajen 200, 11 suka rasu. Duniya ta ji labarin ne ta bakin jaridar Washington Post a ƙarshen 2000, shari'a kuma ta ja har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Tsoron da wannan ya shuka yana cikin abubuwan da suka taimaka wa ƙin rigakafin shan-inna a 2003. Madarunfa tana bakin iyakar Katsina kamar yadda Matameye take kan hanyar Daura, kuma jita-jita ba ta neman izinin ƙetare iyaka.

Duk da haka iyaye a ƙauyukan Madarunfa sun yarda da gwaji na uku, na rigakafin rota, ƙwayar da ke haddasa zawo mai kashe jarirai. Kamfanin Serum Institute na Indiya ne ya haɗa shi, mai araha, mai jure zafi wata da watanni ba tare da firiji ba, wanda duk ma'aikacin ɗakin shan magani na karkara ya san muhimmancinsa. Ana ɗiga shi a baki sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14. Cikin jarirai 3,508, zawo mai tsanani na rota ya kama 31 daga waɗanda aka yi wa rigakafin, da 87 daga waɗanda ba a yi wa ba, wato kariya ta kashi 66.7. An buga sakamakon a Maris ɗin 2017, a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi da sunan Rotasiil. Akwai tambayar da ya kamata mai rubuta tarihi ya riƙe: a 2014, shekarar da aka fara gwajin, Nijar ta shigar da wani rigakafin rota mai buƙatar sanyi cikin tsarinta, to ina hujjar ba rabin yara abin da babu magani a ciki? Kwamitin ɗa'a na ƙasa ya duba ya amince, amma tambayar ba ta masana kaɗai ba ce, ta iyaye ce ma.

To, da wane harshe iyaye za su yi ta? Takardun nan uku da Ingilishi aka rubuta su, aka buga a Amurka. Malamin makaranta a Matameye da ya ƙware a Faransanci sai ya nemi tafinta, balle uwar da ta sa hannu da Hausa aka yi mata bayani. Sunayen likitocin da suka yi aiki a Nijar irin su Ousmane Guindo da Eric Adehossi suna cikin jerin marubuta, kuma hakan ci gaba ne. Ma'aikatan jinya da masu bin gida-gida da awon yara, su da iyaye mata, adadi ne kawai a cikin jadawali. Da wata ƙungiyar raya al'adu za ta taƙaita waɗannan takardu cikin shafi biyar na Hausa don a karanta a rediyon karkara, da ta mayar wa masu kaya kayansu.

Binciken da ya fi kusa da Matameye ba ya cikin jerin Isanaka. Ƙungiyar ALIMA da takwararta ta ƴan ƙasa BEFEN ne suka yi shi a gundumar Mirya, daga 2013 zuwa 2014, Franck Alé da abokan aikinsa suka buga shi a 2016 cikin Archives of Public Health. A yankin Dogo aka koya wa mata kusan dubu 13 auna damtsen ƴaƴansu da wani ɗan zare mai launi uku: kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja (ƙasa da milimita 115) a garzaya asibiti. A yankin Takeita, inda hanyar Matameye ta haɗu da babban titin Maraɗi zuwa Damagaram, aka bar aikin a hannun wakilan kiwon lafiya na ƙauye. Da aka kwatanta, awon matan bai gaza na wakilan ba, yaran Dogo sun fi isa asibiti da wuri, waɗanda aka kwantar sun fi kaɗan, kuɗin da aka kashe kuma bai kai rabi ba. Yawancin matan nan ba su taɓa shiga aji ba. A 2020, da annobar korona ta hana ma'aikata shiga gidaje, wannan hanya ta matan Dogo ce UNICEF da ƙungiyoyin agaji suka yaɗa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.