Ƙaramar tarakta: abin da ya kamata a duba kafin a saya

Ƙaramar tarakta ita ce mai ƙarfin doki 25 zuwa 50. Ta fi motokultar da ake gani a gonakin shinkafa ƙarfi, amma ba ta kai manyan da ake haya don noman hekta mai yawa ba. Aikinta kaftu ne da share ciyawa da jan tirela da gyaran hanyar gona.

Ƙasar gona ita ke faɗin irin wadda za a saya. A jigawa, inda rairayi ya yi yawa, wadda tayoyin baya kaɗai ke ja takan nutse tana ƙona gazuwal a banza, don haka mai jan tayoyi huɗu ta fi. A laka irin ta Gulbin Maradi ko Magiya ko kwarin Tarka kuwa, nauyi da ƙarfi ake nema, domin ƙasar idan ta bushe ba ta jin magana. Fako kuma ya fi ƙarfinta. Garmar Delfino da ke haƙa rabin wata a irin wannan ƙasa babbar tarakta take buƙata.

A duba bayanta da kyau. Dole a samu maratayi mai ƙafa uku na ɗaga garma, da sandar nan mai juya injinan aiki, wadda aka saba da mai juyi 540 a minti. Idan babu ita, injin yankan ciyawa da ƙananan itatuwa ba zai yi aiki ba. A tabbata akwai ƙarfen kariya a saman kujera, saboda kifewa a bakin kwazazzabo na kashe direbobi.

Batun sassabe shi ne inda mutane suka fi yin kuskure. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maradi suka koma barin tohon gawo da kalgo da sabara a gonaki, kuma wannan ne ya maido da miliyoyin itatuwa a kudancin ƙasar. Faifan garma idan ya bi gona kaf, saiwar da ke toho yake yankewa, ya bar rairayi iska ta kwashe. Dokar gandun daji ta 2004 ta kare wasu itatuwa, don haka a tuntuɓi ma'aikatan gandun daji kafin a tumɓuke kututture. Gona mai itatuwa ma gajeriyar tarakta mai saurin juyawa ta fi dacewa da ita.

Sai kayan gyara. Massey Ferguson da Mahindra sun yaɗu a yankin, kuma ana samun kayansu ta Kano. Ƙurar hunturu na toshe matatar iska, ƙayar aduwa na huda taya, shi ya sa gara a san makanikin da zai duba ta kafin a biya kuɗi. Idan ta hannu ce, a tada ta da sanyin safiya a kalli hayaƙinta: shuɗi alama ce tana shan man inji.