Rahama, Tarayya da Zaman Lahiya

Ban riski gwamnatin ƙawancen AFC ba. An haife ni bayan rushewarta. Sunayen jam'iyyunta ne suka fara jan hankalina, domin da wuya a samu sunaye masu daɗi da suka yi gajeren zama tare kamar waɗannan.

A zaɓen Fabrairun 1993, MNSD-Nassara ta fi kowace jam'iyya kujeru a majalisar dokokin Nijar, 29 cikin 83. Sai abokan hamayyarta suka haɗa kai, suka tara 50, suka kasa mulki kamar naman watanda: Mahamane Ousmane na CDS-Rahama shugaban ƙasa, Mahamadou Issoufou na PNDS-Tarayya firaminista, Moumouni Adamou Djermakoye na ANDP-Zaman Lahiya shugaban majalisa. Kujerun ministoci ma haka aka raba su tsakanin jam'iyyun ƙawancen.

A ganina, a nan gizo ke saƙar. Ƙin Nassara ne ya haɗa su, ba manufa guda ba; ga baitulmali wayam, ga ma'aikata suna bin bashin albashi. Da Ousmane ya rage ikon firaminista a Satumban 1994, Issoufou ya yi murabus tun gwamnatinsa ba ta cika wata 18 ba. Ya kwashi kujerunsa 13, ya koma wajen Nassarar da suka taru don kayarwa.