Sauya Ɗabi'ar Bahaya a Fili a Kankiya da Kusada: Matsayin Wayar da Kai da na Muhalli

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki bahaya a fili, wato yin bayan gida a daji ko gona ko kango, a matsayin ɗabi'ar da maimaici ya kafa, ta kuma nuna cewa wayar da kai yana tayar da niyyar bari, amma ingancin masai ne ke tabbatar da sauyin.

Gabatarwa

Masana halayyar ɗan Adam suna kiran aiki ɗabi'a idan an maimaita shi a wuri ɗaya da lokaci ɗaya har ya zamana wurin da lokacin ke janyo shi ba tare da shawara ba. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka gudanar a Landan kan mutum 96, wanda aka buga a 2010, ya gano cewa sabon aiki kan ɗauki kwana 18 zuwa 254 kafin ya zama jiki, tsaka-tsakinsu kwana 66.

Hanyoyin da Aka Bi

A zamanin En'e, dubagari ne ke zagaya gidaje yana cin tarar masu ƙazanta, hanyar da tasirinta ya dogara ga tsoron hukunci. Daga baya aka shigo da tsarin tsafta bisa jagorancin al'umma, wanda Kamal Kar ya ƙirƙiro a Bangaladash wajen shekarar 2000, inda mutanen gari ke zagayawa tare su ga inda ake tsugunawa da yadda ƙuda ke tashi daga can ya sauka kan tuwo, har ƙyama da kunya su sa kowane magidanci ya haƙa masai da kuɗinsa. A Nuwamba 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar zartarwa mai lamba 009 don kawar da ɗabi'ar zuwa 2025, kuma a 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta cim ma hakan.

Tattaunawa

A ƙauyukan Kankiya da Kusada, inda noma ne babbar sana'a, damina ita ce lokacin gwaji, domin masai marar daɓen siminti yakan rufta idan ruwa ya jiƙa ƙasa, a daidai lokacin da gero da dawa suka yi tsawon da za su suturta mai tsugunawa, manomi kuma yana yini nesa da gida. Haka nan ranar kasuwa da tasha, inda ban-ɗakin haya ya yi ƙaranci, sukan mayar da wanda ya tuba ga tsohon halinsa.

Kammalawa

Tun da kafuwar ɗabi'a na iya kaiwa wata takwas, bai kamata a yanke hukuncin nasara ba sai gari ya ƙetare damina guda. Ya dace ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya da masu unguwanni su riƙa bibiyar gidaje a watan Agusta, su duba murfin masai da buta da sabulu ko toka a bakin ƙofa.