Daga bishiya ɗaya zuwa MSTP: tarihin toshe ƙofa a suwici

Duk wanda ya yi aikin haɗa kwamfutoci ya san abin da ke faruwa idan aka jona suwici biyu da waya biyu babu tsari. Saƙon Ethernet ba shi da wa'adi, sai ya yi ta zagaye yana ninkuwa, fitilu su yi ta ƙyaftawa a tare, komai ya tsaya cik. Radia Perlman ce ta samo maganin a 1985, tana aiki a kamfanin DEC. Na'urorin su zaɓi ɗaya a matsayin tushe, kowace ta bi hanya mafi sauƙi zuwa gare ta, a toshe sauran ƙofofin har ranar da wata waya ta tsinke. Wannan tsari mai rassa shi muke kira bishiya, kuma IEEE ta mayar da shi ƙa'ida a 1990 da lambar 802.1D.

Yana aiki, amma da nawa. Waya ta tsinke, sai a jira daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin wata ta buɗe. A watan Nuwamba na 2002, tsarin ya rikice a asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston, likitoci suka koma takarda da biro na kusan kwana huɗu. Ƙa'idar 802.1w ta 2001 ce ta rage wancan jira na daƙiƙa 30 zuwa 50 ya koma 'yan daƙiƙu.

Babbar rigimar ta zo ne da VLAN. Ƙa'idar 802.1Q ta 1998 ta ba da damar raba suwici ɗaya zuwa rukunoni har 4094, amma duk bishiya ɗaya suke bi. Ka sayi waya mai tsada ka shimfiɗa, ta kwanta ba ta ɗauke da komai. Kamfanin Cisco ya ce to kowane VLAN ya samu bishiyarsa, wato PVST+. Mun so shi ƙwarai, don kana iya tura rabin kaya ta hagu, rabi ta dama. Sai dai kowace bishiya tana aika saƙon kula da tsarinta, wato BPDU, duk daƙiƙa 2, kuma yawancin ƙananan suwici na Cisco samfurin Catalyst ba sa wuce bishiya 128. VLAN ɗari uku a kan hanyoyi biyu kacal, me za a yi da bishiya ɗari uku?

Amsar ta zo a 2002 da 802.1s, wato MSTP: a tara VLAN da yawa a ƙarƙashin bishiya ɗaya, kamar yadda ake tara fasinjojin gari ɗaya a mota guda. Bishiya biyu ko uku sun ishi yawancin ma'aikatu. Sharaɗin dai mai tsauri ne. Sai sunan yanki (wato rukunin suwici da ke aiki tare), lambar bita, da jadawalin da ke nuna wane VLAN ke kan wace bishiya sun zama iri ɗaya a kowane suwici. Na'urorin ba sa aika wa juna jadawalin, taƙaitaccen hatiminsa na MD5 kawai suke kwatantawa. Harafi ɗaya ya bambanta a suna, ko wani ya matsar da VLAN guda a suwici ɗaya ya manta sauran, yankin ya rabe biyu, ƙofar da ba a zata ba ta toshe. Abin da ya sa injiniyoyi da yawa ke gudun MSTP ke nan, kuma a ganina laifin na rashin shiri ne.

Manyan cibiyoyin ajiye bayanai sun koma wasu dabaru irin su VXLAN, amma a jami'o'i, bankuna da ofisoshi bishiyar na nan daram. Don haka abokin aiki, tun ranar farko ka raba dukkan lambobin VLAN a kan bishiyoyinka, har da waɗanda ba ka ƙirƙira ba tukuna. Kuma ka naɗa tushe da hannunka, ka saukar da lambar fifikonsa daga 32768 zuwa 4096. In ka bar su duka a 32768, mai ƙaramar lambar MAC ne zai ci zaɓe, kuma sau da yawa shi ne suwici mafi tsufa a ginin.