Masu tonon dankali na tsibirin Achill

A shekarar 1910 wani mai zane ɗan birnin Belfast, Paul Henry, ya je tsibirin Achill da ke gundumar Mayo, can yammacin ƙasar Ailan, tare da matarsa Grace. Hutun 'yan makonni ya kai su, amma sai 1919 suka bar wurin. A wannan zaman ne, cikin 1912, ya yi ɗaya daga cikin zanukan da aka fi saninsa da su, The Potato Diggers, wato masu tonon dankali, wanda yake ajiye yau a gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Dublin.

Babu tarkace a zanen. Mata biyu ne a kan baƙar ƙasa, ɗaya ta duƙa tana haƙa, ɗaya ta miƙe tsaye kamar mai sauraron ciwon baya. Jan tufafin da matan yankin ke sawa shi ne ke fara ɗaukar ido, sai dutse mai launin shuɗi, sai farin gajimare da ya cinye fiye da rabin allon. Henry ya yi karatu a Faris, kuma hannun Jean-François Millet, mai zanen manoman Faransa, a fili yake a nan.

To ina mazan? Sun tafi ci-rani. Ƙasar Achill ba ta da albarka, sai an kwaso ciyawar teku a kwando an yi taki da ita kafin kunya ta ba da wani abu. Saboda haka magidanta kan nufi gonakin Ingila, samari da 'yan mata kuma su tafi Sukotlan tonon dankalin wasu. Tafiyar ma ba lafiya ba ce: a 1894 mutum 32 suka nutse a mashigin Clew a kan hanyarsu ta zuwa Sukotlan. Ga kuma tabon babbar yunwar da ta fara a 1845, lokacin da cuta ta ruɓar da dankali, kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu. Duk Ba'ailan da ya ga mace duƙe a kan kunyar dankali ya san abin da ake tuna masa.

Mutanen tsibirin ba su son a zana su, dole Henry ya riƙa satar zane a ɓoye. Sannu a hankali ya daina sa mutane, ya koma kan duwatsu da gajimare da fararen bukkoki. Irin waɗannan ne wani kamfanin jirgin ƙasa ya buga a fastocin jawo masu yawon buɗe ido a shekarun 1920, suka kuma yi masa suna. Suna da kyau, ba musu. Amma yammacin Ailan da babu kowa a cikinsa ya fi daɗin sayarwa ne kawai, bai kai na 1912 gaskiya ba. Henry ya makance a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a 1958.